Tagwayen mastas a ƙasashe biyu: riba biyu ce ko rabi da rabi?

Hauwa'u:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan abin. Ina shirin neman gurbin mastas a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa ko tsara manufofin gwamnati, sai na ci karo da tsarin nan na tagwayen digiri, inda mutum zai yi shekara ɗaya a wata jami'a, ya ƙarasa ta biyu a wata ƙasar, a ba shi takardar mastas biyu. Waɗanda suka fi ɗaukar hankalina su ne na jami'ar Sciences Po ta Faransa da LSE, makarantar tattalin arziki da kimiyyar siyasa ta Birtaniya, wato Paris sannan Landan, da kuma na Sciences Po da SIPA, makarantar hulɗar ƙasa da ƙasa da harkokin gwamnati ta jami'ar Columbia a New York. Na ɗan taɓa aiki a wata ƙungiya mai zaman kanta, kuma burina in shiga ɗaya daga cikin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Don Allah abin nan yana da amfanin da ake zuzutawa, ko gara in zauna wuri ɗaya in yi shekara biyun cur?

Bashir:
Wa'alaikumus salam. Ni a ganina wannan ko tambaya ba ya buƙata. Mastas ɗin SIPA shi kaɗai shekara biyu ne, na Sciences Po ma haka. In za a haɗa miki su duka a shekara biyu, me kike jira? Kuma ba makarantun je-ka-na-yi-ka ba ne. A 2005 SIPA da LSE da Sciences Po suka kafa ƙawancen makarantun manufofin gwamnati da ake kira GPPN, daga baya Makarantar Lee Kuan Yew ta Singafo da Hertie ta Berlin da makarantar manufofin gwamnati ta jami'ar Tokyo da FGV ta São Paulo suka shigo. Za ki zama tsohuwar ɗalibar makaranta biyu, ki san manyan birane biyu. A Paris ga hedikwatar UNESCO da ta ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta OECD, a New York ga Majalisar Ɗinkin Duniyar da kike so. Ki nema kawai.

Anti Rabi:
Bashir, ka yi ne ko a shafinsu ka karanta?

Bashir:
Anti ban yi ba tukuna, ina kan nema ne.

Anti Rabi:
To Allah ya ba da sa'a. Hauwa'u ƙanwata, bari in faɗa miki yadda abin yake ta ɓangaren masu ɗaukar aiki, don na sha zama a kwamitin tantance takardu. A tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya, matakin aiki na ƙananan jami'ai da ake kira P-2 yawanci mastas ake nema da shekara 2 na aiki, na gaba da shi, P-3, kuma mastas da shekara 5. In takardarki ta iso, tambayar da ake yi a gurbin ilimi ɗaya ce: tana da mastas a fannin da ya dace ko ba ta da shi? Mai ɗaya ta wuce, mai biyu ma ta wuce. Takarda ta biyu ba ta rage miki ko wata guda daga shekarun aikin da aka gindaya. Daga nan ido zai koma kan me kika taɓa yi da hannunki, a wace ƙasa, da wane harshe kike iya rubuta rahoton da shugabanki zai sa hannu ba tare da ya sake shi ba.

Ban Ki-moon, tsohon babban sakataren Majalisar, mastas ɗinsa na Makarantar Kennedy ta Harvard ne, a 1985. Ellen Johnson Sirleaf, tsohuwar shugabar Laberiya, ma can ta yi nata a 1971. Ba na cewa tagwayen banza ne, cewa nake kada ki shiga don lissafin biyu ta fi ɗaya.

Bashir:
Amma Anti, su ai a zamaninsu babu wannan tsarin. Kuma in mutum biyu suka yi kunnen doki a komai, ba mai takarda biyu za a ɗauka ba?

Anti Rabi:
Ban taɓa ganin mutum biyu sun yi kunnen doki a komai ba. Abin da na ga yana raba gardama shi ne Faransanci. Harsunan aiki a sakatariyar Majalisar biyu ne, Ingilishi da Faransanci, kuma gurabe da yawa a yammaci da tsakiyar Afirka mai Faransanci suke nema. In shekarar Paris za ta ba ki harshen, to ta biya kuɗinta. Amma ki sani, a makarantar hulɗar ƙasa da ƙasa ta Sciences Po, wadda aka buɗe a 2010, da Ingilishi ake yin mafi yawan darussa. Na ga waɗanda suka yi shekara guda a Paris suka fito da iya gaisuwa da sayen tikitin jirgin ƙasa. Suna rubuta a fom cewa sun iya, a yi musu tambaya ɗaya da Faransanci a intabiyu, sai inda-inda.

Nura:
Salam. Ni na yi irin wannan tsarin, shekarar farko a Turai, ta biyu a Asiya. Ba zan ambaci makarantun ba saboda akwai ƙorafi a maganata.

Abin da ba a faɗa miki a takardar talla shi ne ba karatu biyu za ki yi ba. A tsarin Turai shekarar karatu ɗaya maki 60 ce, mastas mai shekara biyu 120. Ke ma 120 ɗin za ki yi, ba 240 ba. Makarantun ne suka yarda a tsakaninsu kowace ta lissafa shekarar ɗayar a matsayin tata. To wace shekara kike yi a kowace? A ta farko kina yin darussan dole, tattalin arziki, ƙididdiga, ka'idojin hulɗar ƙasashe. Daidai lokacin da kika fara gane malaman, kika san wanda ofishinsa a buɗe yake da wanda ba ya amsa imel, kika hango darussan zaɓi masu daɗi da ake ajiye wa 'yan shekara ta biyu, sai a ce tattara kayanki.

A ta biyun kuma ke baƙuwa ce mai matsayin 'yar gida. Makon gabatarwa tare da sababbi aka sa mu, amma aji tare da tsofaffi. Ranar da aka ce a kafa rukuni don babban aikin ƙarshe, wanda ake yi wa wata hukuma ta gaske bincike, kafin in gama karanta jerin batutuwan tuni mutane sun cike sunayensu. Tun bara suka san wa ya iya lissafi, wa ya iya rubutu, wa ke ɓacewa in aiki ya taso. Mu 'yan tsirarun da muka zo daga waje muka tsaya muna kallon juna, a ƙarshe muka haɗu a batun da kowa ya guda. Ga kuma mai duba kundina yana makarantar farko, sa'o'i da yawa tsakaninmu, in na farka yana barci, in ya amsa ni na kwanta.

Duk da haka in aka ce in sake, zan sake. Amma dalilina ba takarda ba ce.

Hauwa'u:
Yaya Nura na gode ƙwarai. To mene ne dalilin?

Nura:
Aikin da nake nema ya shafi kasuwanci tsakanin Asiya da Afirka, kuma na san haka tun kafin in nema. Shekarar Asiya ta sa na zauna aji ɗaya da ma'aikatan gwamnatocin yankin, waɗanda yanzu in ina neman bayani saƙo ɗaya ne tsakaninmu. Da ban san me nake nema ba, da yawon buɗe ido mai tsada na yi.

Dakta Sani:
Jama'a ku ba ni dama. Hajiya Rabi ta yi gaskiya a kan fom, Nura ya yi gaskiya a kan wahala, amma har yanzu ba a taɓo abin da ni nake ganin shi ne ainihin ribar ba.

Makarantun nan kowace da matsalar da ta haife ta. Émile Boutmy ya kafa Sciences Po a 1872, bayan Faransa ta sha kashi a hannun Prussia ta Jamus, da nufin tarbiyyantar da sababbin masu riƙe ƙasa. LSE 'yan ƙungiyar Fabian ne suka kafa ta a 1895, su Sidney da Beatrice Webb, masu ganin cewa da bincike ake gyara al'umma. SIPA a 1946 aka buɗe ta, yaƙin duniya na biyu ya ƙare, Amurka na buƙatar mutanen da suka san duniya. Ta Lee Kuan Yew a 2004, a ƙaramar ƙasar da ke alfahari da ingancin ma'aikatan gwamnatinta. Wannan tarihin yana nan a cikin aji har gobe, ko malaman ba su ambace shi ba.

Ɗauki batu ɗaya, a ce gidaje ga talakawan birni. A New York za a ba ki alƙaluma, a ce ki auna ko tallafin haya yana tayar da farashi, ki rubuta wa minista shafi biyu, shawararki a sakin layi na farko. A Paris za a ce ki tashi gaban aji ki yi bayanin minti 10, a tsare kashi biyu kowane da rassa biyu, kuma tambayar za ta karkata ga mene ne nauyin hukuma, me doka ta ce. A Landan za a jibga miki karatu, ki rubuta doguwar maƙala kina jayayya da marubutan. A Singafo za a nuna miki ƙasar da kusan kashi 80 cikin 100 na mazaunanta ke zaune a gidajen da hukuma ta gina, a ce to ga shi an yi. Wanda ya zauna wuri ɗaya yakan fito yana zaton hanyar makarantarsa ita ce hanya. Wanda ya ga biyu ya san kowace ra'ayi ce. Ga mai shirin zama tsakanin gwamnatoci yana sasanta su, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Anti Rabi:
Dakta ranka ya daɗe, maganarka ta yi daɗi, amma ai a aji ɗaya na kowace daga cikinsu akwai 'yan ƙasashe barkatai. Bambancin tunanin a kujerar kusa da kai yake.

Dakta Sani:
Ɗalibai daban-daban ne, amma mai ba da maki ɗaya ne, Hajiya. Ɗalibi yana bin abin da ake saka masa da shi. Sai ka canja mai ba da makin kake gane cewa abin da aka yaba maka a can, a nan jan biro yake sha.

Nura:
Wannan gaskiya ne. Salon rubutun da ya ba ni maki mai kyau a shekarar farko, a ta biyu malamin cewa ya yi ina ɓata masa lokaci, in faɗi abin da nake so a yi a layin farko.

Mustafa:
Duk kun yi ta falsafa, ba wanda ya ce wa zai biya. Hauwa'u, a tsarin tagwaye kowace shekara makarantar da kike cikinta kike biya, a farashinta. Kuɗin makaranta kawai a SIPA ya haura dala dubu 60 a shekara, ban da haya a New York. Sciences Po ga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba wajen yuro dubu 20 ne. LSE wajen fam dubu 30, ya danganta da kwas. Ta wata fuskar tagwayen rangwame ne, don shekara ɗaya a Paris ɗaya a New York ta fi biyu a New York sauƙi nesa ba kusa ba, kuma takardar Columbia iri ɗaya ce za ki riƙe. Wannan ita ce hujjar da ni na fi yarda da ita, kuma ba a cika faɗinta ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne tallafin karatu. Manyan tallafin da muka sani ba don wannan tsarin aka ɗinka su ba. Chevening na mastas mai shekara ɗaya ne a cikin Birtaniya, sannan sai kin koma ƙasarki na shekara 2 bayan gamawa. Fulbright na karatu a Amurka ne, kuma bizarsa ma tana zuwa da sharaɗin komawa gida na shekara 2. Tallafin haɗin gwiwar Japan da Bankin Duniya yana da jerin kwasa-kwasan da ya amince da su, kuma yana son shekara 3 na aiki. Ita kanta Sciences Po tana da tallafin Émile Boutmy na 'yan wajen Turai, amma ba kowane tagwayen digiri ne ke shiga ciki ba, sai kin karanta sharuɗɗan shekarar da kike nema. Abin da ke yawan faruwa, mutum ya samu ragi a makarantar farko ya yi murna, ya tafi, a tsakiyar shekara ya fara neman na biyun. In bai samu ba fa? Ga shi da rabin karatu a hannu.

Hauwa'u:
Innalillahi. To in hakan ta faru, mutum ba zai iya zama ya ƙarasa a makarantar farko ba?

Mustafa:
Ya danganta da ƙofar da kika shiga. Akwai wanda tun farko tagwayen kike nema, makarantun biyu su karɓe ki tare. Akwai kuma wanda za ki shiga makaranta ɗaya a matsayin ɗalibarta ta shekara biyu, a cikin shekarar farko ki nemi tafiya ɗayar. A na biyun in ba a ɗauke ki ba ko kuɗi bai samu ba, kujerarki na nan. A na farkon sai kin tambaye su a rubuce kafin ki biya ko sisi.

Nura:
Ni da zan ba da shawara, ƙofa ta biyun. Kin ga makarantar da idonki, kin yi magana da waɗanda suka je suka dawo, sannan ki yanke. Illarta guraben kaɗan ne, kuma da sakamakon zangon farko ake auna ki, lokacin da ba ki gama sabawa da gari ba.

Zainab:
Ku yi haƙuri in sako wata. Hauwa'u ban sani ba ko kina da iyali. Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana masu mastas na darasi zuwa da miji ko mata ko 'ya'ya, sai masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ke nan in kin zaɓi Paris da Landan, ko kin samu kin tafi da yara shekarar farko, ta biyu sai kin san inda za ki kai su. Ni wannan ne ya sa na ajiye maganar gaba ɗaya na nemi wuri ɗaya. Yaro ya fara sabawa da makaranta da harshe, a tumɓuke shi bayan wata 10, ban ga zan iya ba.

Hauwa'u:
Anti Zainab ba ni da yara tukuna, amma wallahi wannan bai taɓa zuwa raina ba. Allah ya saka da alheri.

Bashir:
To ai duk wannan matsalar mai iyali ce. Mu marasa nauyi fa?

Mustafa:
Kai ma biza biyu za ka nema, malam marar nauyi. Kuma ta biyun a tsakiyar karatu, kana baƙo a ƙasar wasu. Ta Birtaniya sai makaranta ta ba ka lambar tabbatar da gurbi, ita kuma tana jiran sakamakon shekararka ta farko. Sannan ka nuna kuɗin makaranta da na zama, a Landan wajen fam 1,500 a wata na wata 9, kuma kuɗin su kwana 28 a jere a asusu. Ga kuɗin lafiya fam 776 a shekara. Ta Amurka sai takardar I-20 da makaranta ke bayarwa don neman biza, ita ma sai ka nuna kuɗin shekara guda, ka biya dala 350 na rajistar ɗalibai ban da kuɗin bizar, ka jira ranar intabiyu. Jamus kuwa asusun da ake kullewa suke so, sama da yuro dubu 11. Duk wannan a watannin da abokan karatunka ke aikin sanin makamar aiki.

Anti Rabi:
Yauwa Mustafa, ka zo inda nake jira. Dogon hutun nan na tsakanin shekara ta farko da ta biyu, Yuni zuwa Agusta, a wajena shi ne zuciyar mastas mai shekara biyu. Nan ɗalibi ke shiga ofis na wata uku, a gan shi, a san aikinsa, shekara mai zuwa a kira shi. Yawancin yaran da na ga sun samu kwantiragin farko ta nan suka bi. Mai tagwaye kuma a lokacin yana sallamar ɗaki, yana neman wani a garin da bai taɓa takawa ba, fasfonsa ma wataƙila yana ofishin jakadanci. Taura biyu ba ta taunuwa, Bashir.

Bashir:
Amma akwai masu yi, Anti.

Anti Rabi:
Akwai. Masu fasfon da ba ya buƙatar biza sun fi yawa a cikinsu. Ɗan Jamus da zai tashi daga Paris zuwa Berlin jirgin ƙasa kawai zai hau. Tsarin da irinsu aka fara zana shi, mu sai mun ƙara lissafi a kai.

Nura:
Ana iya yi, sai dai tun watan Oktoba na shekarar farko za ka fara nema, ba Afrilu ba. Kuma ka nemi aikin a ƙasar da kake da izinin zama, ba wadda za ka je ba. Bizar ɗalibi ta Amurka ba ta barin ka shiga sai saura kwana 30 a fara karatu, kuma a ƙa'ida sai ka yi shekarar karatu guda kafin a ba ka izinin aiki a wajen makaranta. Don haka mai zuwa New York a shekara ta biyu ya cire ran yin hutun nan a wani ofishi a can.

Dakta Sani:
Wannan ya kawo mu kan jerin shekarun, wanda mutane ke ɗauka wasa. Inda ka ƙare nan ƙafarka take lokacin neman aiki. Wanda ya kammala a Amurka yana da izinin aiki na wata 12. Birtaniya tun 2021 tana ba da shekara 2, ko da yake gwamnati ta sanar za ta rage shi zuwa wata 18 daga 2027. Jamus wata 18 na neman aiki, Faransa shekara guda. In ka fara da New York ka ƙare a Paris, takardar Amurka na hannunka amma ƙofar aikinta kusan ta rufe, don izinin na wanda ke cikin ƙasar da bizar ɗalibi ne. Wasu tsare-tsaren kuma ba su ba ka zaɓi. Na LSE da jami'ar Peking, Beijing ake fara yi sannan Landan. Na Sciences Po da LSE, Paris sannan Landan.

Anti Rabi:
Ƙarin bayani a nan, don kada Hauwa'u ta tsorata. In Majalisar Ɗinkin Duniya ko Bankin Duniya ko IMF ne suka ɗauke ki a matsayin ma'aikaciya, biza ta daban ce, G-4, ba ruwanki da cacar bizar aiki ta kamfanoni. Matsalar ita ce watannin da ke tsakanin gamawa da samun aikin, kuma ɗaukar aiki a wuraren nan yana jan ƙafa sosai. A nan izinin zama ke ceton mutum. Sannan ki duba jarrabawar matasan ma'aikata ta Majalisar, wato YPP: iyakar shekaru 32, digirin farko ma ya isa, amma sai ƙasarki na cikin jerin ƙasashen da aka buɗe wa a shekarar, wato waɗanda ba su da isassun ma'aikata a sakatariyar.

Fa'iza:
Ba wanda ya ambaci Erasmus Mundus, kuma ina ga shi ne amsar matsalar Malam Mustafa. Tarayyar Turai ce ke ɗaukar nauyi tun 2004. Jami'o'i aƙalla uku daga ƙasashe uku ke haɗa kwas ɗaya, ɗalibi ya yi karatu a ƙasashe biyu ko fiye. In ka samu tallafin, ba ka biyan kuɗin makaranta, kuma ana ba ka yuro 1,400 duk wata har tsawon karatun, iyaka wata 24. Akwai na manufofin gwamnati, Mundus MAPP, wanda ya haɗa jami'ar CEU da ke Vienna da cibiyar ISS da ke Hague da cibiyar IBEI ta Barcelona. Bambancinsa da waɗancan, tun farko a matsayin kwas ɗaya aka tsara shi, kuma ku rukuni ne kuke tafiya tare, ba kai kaɗai za ka sauka cikin mutanen da suka riga suka saba ba. Kuɗin shekara biyun ma a tare aka yanke shi, ba sai ka sake roƙo a tsakiya ba.

Bashir:
Amma sunan bai kai Columbia ko LSE ba, mu faɗi gaskiya.

Fa'iza:
Bai kai ba. Bashin ma bai kai ba.

Mustafa:
Fa'iza ta gama magana. Albashin farko a wannan fannin ba irin na banki ba ne, aikin koyo a sakatariyar Majalisar ma ba a biya. Wanda ya ci bashin dala dubu 80 sai ka gan shi ya ƙare a kamfanin ba da shawara don ya biya, aikin da ya je karatun dominsa ya bi ruwa.

Dakta Sani:
CEU da aka ambata ma darasi ce a kanta. Da a Budapest take, dokar da gwamnatin Orbán ta Hungary ta kawo a 2017 ta tilasta mata komawa Vienna. Haɗin gwiwar jami'o'i yana tafiya ne da siyasar ƙasashe, ana ƙullawa ana warwarewa. Duk wanda zai nema ya duba ko yarjejeniyar tana aiki a bana, kada ya dogara da rubutun wani na shekarun baya. Akwai kuma wata hanyar ga mai son ƙasa biyu ba tare da shugabanci biyu ba. Makarantar SAIS ta jami'ar Johns Hopkins ta Amurka tana da reshe a birnin Bologna tun 1955, mutum ya yi shekara a Italiya ya ƙarasa a Washington, makaranta ɗaya, takarda ɗaya, ofishin rajista ɗaya, kuma da abokan ajinsa zai ƙaura.

Nura:
Ofishin rajista ɗaya! Dakta da ka san abin da na gani a kan tura sakamako daga wannan ofis zuwa wancan, da ka sa wannan a farkon magana. Kowane ɓangare cewa yake ɗayan ne bai aiko ba.

Hauwa'u:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Yanzu na ga tambayar da na yi ba ita ce tambayar ba. New York na cire ta, kuɗin ya fi ƙarfina. Saura Paris da Landan, ko Paris kaɗai na shekara biyu, sai Erasmus ɗin da Fa'iza ta kawo. Anti Rabi, in ke ce, da burin da na faɗa, wanne za ki ɗauka?

Anti Rabi:
Paris kaɗai, shekara biyu, in kuɗi ya samu. Tsarinsu yana ba da zango guda a shekara ta biyu da za ki iya yi a wurin aiki, ki yi ƙoƙari ya zama ofishin da ake magana da Faransanci. Ki fito kina iya rubuta rahoto da shi. Kuma kada ki jira sai kin je, ki fara ajin harshen tun yanzu.

Dakta Sani:
Ni kuma Paris da Landan zan ce, saboda dalilin da na faɗa, in har ta samu tabbacin kuɗin shekara biyun a rubuce kafin ta tashi. Ni da Hajiya ba za mu daidaita a nan ba.

Bashir:
Ni dai ina nan kan bakana, zan nemi na Columbia. Yaya Nura, tambaya ɗaya: in an karɓe ka tun farko a makarantun biyu, shekara ta biyun tabbas ce, ko za a iya hana ka?

Nura:
Ba tabbas ba ce. Sai ka ci duk darussan shekarar farko, wasu ma suna sa mafi ƙarancin makin da za ka kawo kafin su ba ka takardar neman biza. Ka duba wasiƙar gurbinka, sharaɗin yana ciki. Darasin ƙididdiga ne ya fi kayar da mutane a zangon farko, don haka in ka daɗe rabonka da lissafi, ka koma masa tun kafin ka tafi. In ka faɗi aka ce sai ka sake jarrabawa, sakamakon zai iya makara har ranar bizar ta wuce ka.